Tsawa Mai Korar Ungulu

Tsawa ake ce masa, kuma ba shi ya zaɓi sunan ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi a wurin fasa dutse yana dasa nakiya, har kunnensa na hagu ya mutu murus, na daman ma sai a hankali. Tun daga nan ba ya jin muryar kansa. In zai ce maka ina kwana, sai ka ɗauka rigima ya kawo. Matarsa, wata tela da unguwa ke kira Uwar Biyu saboda tagwayen 'yan matan da ta haifa masa, takan ce ita kaɗai ce macen da mijinta ke raɗa mata sirri maƙwabta su amsa.

Da a murya abin ya tsaya da da sauƙi. Hannunsa ya fi bakinsa sauri, kuma kowa ya san ranar da hakan ta fito fili. Shugaban leburori ne ya tura ƙanen Tsawa ya dubo wata nakiya da ta ƙi tashi. Ta tashi yana tsugune a kanta. Tsawa ya bi duwatsu ɗaya bayan ɗaya yana tsintar ɗan'uwansa a buhun siminti. Da ya gama ya ɗaure bakin buhun, ya ajiye a inuwa, ya ɗauki ƙotar guduma ya nufi inda shugaban ke tsaye yana yi wa mutane bayani. Ya karya masa muƙamuƙi da kafaɗa da yatsu huɗu kafin mutum shida su danne shi. Alƙali ya ba shi shekara uku.

Da ya fito, tagwayen suka ɓuya a bayan keken ɗinkin uwarsu, ba su san shi ba. Babu wanda zai ɗauke shi aiki. Surukinsa, yayan Uwar Biyu, direban tankar mai ne a wata ƙaramar makarantar koyon tuƙin jirgin sama da ke bayan gari, shi ya yi ta sintiri har aka ce ya kawo shi a gani.

Makarantar ba wata babba ba ce. Titin jirgi guda, rumfar kwano mai ɗaukar ƙananan jirage uku masu kujera biyu-biyu, ofis, sai wata 'yar hasumiya da mutum ɗaya ke zama yana ba jirage izinin tashi da sauka. Manaja ya dubi Tsawa sama da ƙasa, ya ce, "Aikin ba wuya. Duk abin da ka gani da fiffike a filin nan, in ba jirginmu ba ne, kore shi."

"Me ya ce?" Tsawa ya tambayi surukinsa, har tagar ofis ta amsa.

"Ya ce an ɗauke ka."

Aka ba shi tsohon babur, da bindiga mai baki biyu, da oba-oba, rediyon magana da hasumiya, da yake ratayawa a kafaɗar dama kusa da kunnen da ke aiki. Shekara tara ya yi yana zagaya titin nan tun kafin jirgin farko ya tashi. Ya san tsuntsaye kamar yadda ya san dutse. Balbela sai an yanke ciyawa take zuwa, harbi ɗaya a sama ya ishe ta. Hankaka ɗan duniya ne, ya san ƙarar babur ɗin, yakan koma kan shinge ya jira a wuce. Shirwa ba ta zama. Ungulu ce annobar. Ga nauyi, ga nawa, ga rashin kunya, in ta ci ta ƙoshi sai ta yi gudu a ƙasa kamar tsohuwa kafin ta iya ɗagawa, in ta ɗaga kuma ba ta kauce wa kowa.

Babban malamin makarantar, wani siririn dattijo da kowa ke ce wa Kyaftin, shi ya fara gaya masa dalili. Kyaftin ba ya ɗaga murya, sai dai ya tsaya gaban Tsawa ya yi magana a hankali don ya karanta bakinsa. Ya kai shi gaban jirgi, ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa.

"Ka ji? Roba ce. Ungulu guda in ta gamu da mu muna gudu, daidai take da a jefe ka da bulo a fuska."

Tsawa bai manta ba. Ungulun da ya kashe a filin nan ba su ƙirguwa. Yakan kama su ta ƙafa ya jefa a rami ya banka wuta, ya koma gida yana wari, Uwar Biyu ta tsayar da shi a ƙofa ta ce ko wanka ko titi.

Matsalar tana can ƙarshen titin jirgin, bayan shingen waya. Akwai mayanka a wurin, kuma mahauta sun haƙa wani ƙaton rami dab da shingen inda suke zuba tumbi da hanjin da ya lalace da duk abin da ba ya sayuwa. Kullum ramin cike yake, kullum ungulu na kansa. Shugaban mahautan wani ƙaton mutum ne mai wuya kamar na bijimi, ana ce masa Barho.

Da farko Tsawa ya je da lalama, irin tasa. Ya tsaya gaban teburin Barho ya ce a rufe ramin nan.

Barho bai daina sara ba. Ya ce, "Malam, mun riga jiragenku zuwa nan. Ungulu kuma ba 'yar gidana ba ce. In ta yi maka laifi kai ta ƙara."

Mahauta suka fashe da dariya. Tsawa bai ji maganar duka ba, amma ya ga dariyar. Ya koma ya gaya wa Manaja, Manaja ya ce zai rubuta takarda. Ya rubuta, ya sake rubutawa. Shekara ta juyo ramin na nan.

Ran nan da safe Tsawa ya ari baro, ya shiga ramin har gwiwa, ya ciko shi da ruɓaɓɓen tumbi mai tsutsa, ya turo shi ta tsakiyar mayanka mutane na darewa suna toshe hanci, ya juye shi a kan teburin Barho, kan naman da aka gama gyarawa. Barho ya dube shi, ya dubi naman, ya ajiye wuƙarsa a hankali. Wannan ajiyewar ce ta ceci ran Tsawa. Naushin farko Tsawa ne ya kai, ya fasa wa Barho gira. Daga nan mahauta suka rufe shi. Suka doke shi da ƙahon saniya, da ƙafar saniya, da bokitin ƙarfe, suka tattake shi a cikin jini da ruwan wanki, ya kama kunnen wani da haƙori bai saki ba sai da aka buga masa katako a baki. Suka ja shi ta ƙafa suka jefar a bakin hanya. Haƙora biyu suka tafi, haƙarƙari uku suka karye.

Uwar Biyu tana goge masa fuska da ruwan zafi tana faɗa. "Baban biyu, kai yanzu mahauci za ka tsorata da tumbi? Dubi leɓenka. Ni tela ce, ba na ɗinkin mutum."

"Sun ji a jikinsu," ya ce.

"Ƙwarai. Shi ya sa su suke kwance kai kake tsaye."

Bayan ya warke sai karnukan mayanka suka gano wata kafa a ƙarƙashin shinge, suna jawo hanji har kan titin jirgi su baje, ungulu ta biyo su. Tsawa ya toshe kafar, suka tone wata. Wata rana ya ga babban karen Barho a tsakiyar titi da hanji a baki, jirgi kuma na shirin sauka. Ya ɗaga bindiga ya fasa masa kai. Kafin azahar mahauta sun cika ƙofar makaranta da wuƙaƙe a hannu, ɗalibai suka kulle kansu a aji. Manaja ya fita ya ba da haƙuri, ya dawo ya karɓe bindigar ya kulle a kabad ɗin ofishinsa.

"To da me zan kore su?" Tsawa ya tambaya.

Manaja ya nuna masa wani tsohon garwan mai a gefen rumfa. "Samu sanda ka riƙa bugawa. Kai da ka tsaya ka yi musu magana ma ai sun gudu."

Wata bakwai ya yi yana bugun garwa. Balbela na gudu. Ungulu kuwa sai ya zo dab da ita take ɗagawa, ta zagaya ta dawo.

Cikin ɗaliban shekarar akwai wata da ake ce wa Gajera. Ta kai shekara talatin, ta daɗe tana sayar da tikitin jirgi a wani kamfani kafin ta ce ita ma sai ta tuƙa. Kullum tana zuwa da matashin kai a hammata, ta ɗora a kujerar jirgi don ta hango gaba. Ita kaɗai ce cikin ɗalibai ke tsayawa ta gaishe shi, ta ɗage ta yi ihu a kunnensa, "Baba, ya tsuntsaye?" Shi kuma ya ce, "Suna gaishe ki."

Ranar da abin ya faru an yi yanka mai yawa a mayanka, ramin ya cika har ya tumbatsa. Da hantsi Tsawa ya hango ungulu sun fi arba'in a bakinsa. Ya danna oba-oba ya ce wa mai hasumiya, "Kar kowa ya tashi, bari in kore su tukuna." Ya hau babur ya nufi ƙarshen titi da garwansa. Mai hasumiya ya duba da tabarau, ya ga tsuntsayen duk suna ƙasa, kawunansu cikin rami. Kyaftin da Gajera suna cikin jirgi, inji na aiki, suna jiran izini. Kyaftin ya ce tunda a zaune suke, gara a bar su a zaune, za su wuce ta kansu. Mai hasumiya ya ba da izini, sannan ya kira Tsawa: "Jirgi ya taso, bar su, kar ka tashe su. Tsawa, kana ji na? Bar su!"

Tsawa na bakin shinge, bayansa ga titi, yana bugun garwa da dukkan ƙarfinsa. Bai ji komai ba. Ya ga dai sun fara gudu a ƙasa suna buɗe fukafukai, ya ƙara bugu, suka ɗaga gaba ɗaya kamar baƙin hayaƙi. Sai inuwa ta wuce ta kansa.

Ya ɗaga kai. Jirgin bai fi tsayin bene biyu ba, ya shiga tsakiyarsu. Farfela ta yanka guda, gashi da jini suka watsu. Ta biyu ta shige ta gilashin gaba, ya ga gilashin ya fashe ya koma ciki. Jirgin ya ɗaga hanci, ya karkata hagu, ya tsaya a iska kamar mai shawara, sannan ya sulalo. Fiffikensa ya daki ƙarfen tankin ruwan mayanka ya ɓalle, jirgin ya juya sau ɗaya, ya soka hanci a tsakiyar garken shanun da ke jiran yanka. Wannan ƙarar kam Tsawa ya ji ta, ta ƙafafunsa ta shigo.

Bai san yadda ya haye shingen ba, sai daga baya aka ga wayar ta yage masa cinya. Shanu sun ɓalle suna tattake duk abin da ke gabansu, wani mahauci na ƙasa yana riƙe da ciki, mata masu wankin hanji na ihu suna gudu. Wani bijimi na kwance ƙarƙashin jirgin, bayansa a karye, yana shure-shure. Jirgin ya kife a gefe guda, hancinsa ya murƙushe ya koma ciki. Mai na zuba daga ragowar fiffiken kamar an buɗe famfo, yana bin lambatun da jinin yanka ke bi. Ƙarshen lambatun kuma wurin babbaka ne, inda tsofaffin tayoyi ke ci da wuta ana ƙone gashin kawunan shanu.

Mutum ɗaya ne ya riga shi isa, Barho. Suka kama ƙofar da ta lanƙwashe, suka ja tare, ta ɓalle a hannunsu.

Gajera na rataye a bel ɗin kujera, kanta ya langaɓe. Fuskarta ba ta ganuwa, gilashi ne da gashin ungulu da jini, rabin tsuntsuwar na kan cinyarta. Barho ya zaro wuƙa ya yanke bel ɗin da ja ɗaya, ta faɗo a hannun Tsawa. Ya miƙa ta ga mahautan da suka fara matsowa, suka ruga da ita.

Kyaftin idonsa biyu. Inji ya shigo ciki ya danne masa ƙafar dama daga ƙasan gwiwa, ya matse ta da ƙarfen ƙasan jirgi. Tsawa ya kama shi ta hammata ya ja, dattijon ya yi wata ƙara da ko kurma ya ji. Mahauta huɗu suka kawo ƙarfen da ake rataye nama suka zura ƙarƙashin injin suka danna. Ƙarfen ya lanƙwashe, injin bai motsa ba. Wani ya yi ihu, suka waiga. Man ya isa wurin babbaka. Wuta ta kama lambatun tana tahowa, shuɗiya, ba ta ko hayaƙi. Mutum huɗun suka saki ƙarfen suka gudu. Wani ya watsa bokitin ruwa, wutar ta hau kan ruwan ta ƙara faɗi.

Kyaftin ya ga abin da suka gani. Ya miƙa hannu ya damƙi rigar Barho, ya dubi gatarin saran ƙashi da ke soke a ɗamararsa.

"Sare ta."

Barho ya girgiza kai.

"Ta riga ta tafi. Sare ta, bawan Allah, kar in ƙone da raina."

Barho ya zaro gatarin. Mutumin da ya sare ƙafar shanu dubu nawa, ya ɗaga shi ya sake saukewa. "Wallahi ba zan iya ba," ya ce, hawaye na zuba. "Mutum ne. Wallahi ba zan iya ba."

Tsawa bai ji ko kalma ɗaya ba, amma shekara tara yana karanta bakin Kyaftin. Ya fizgi igiyar ɗaure shanu daga ƙasa, ya zagaya ta a cinyar dattijon sama da gwiwa, ya ja da haƙori da hannu har ta nutse a nama. Ya karɓe gatarin. Ya cusa rabin jikinsa cikin jirgin, ya duba inda ƙashin ƙwaurin ya riga ya fashe ya huda wando. Zafi ya fara lasar bayansa. Wurin matsattse ne, ba inda za a ɗaga hannu sosai. Ya sara. Jini ya fantsamo masa a ido, Kyaftin ya sandare ya cije hannun rigarsa. Ya sake sara. Wuta ta shigo ta ƙarƙashin kujera ta kama hannayen rigarsa, ya ga fatar hannunsa na tashi, bai saki ƙotar ba. Ya sara na uku, ya ƙara na ƙarshe, ya ji gatarin ya daki ƙarfe. Barho ya finciko Kyaftin ta baya, su uku suka zube cikin kashin shanu. Ba su yi taku ashirin ba tankin ya fashe, iskar ta jefar da su ƙasa.

Mata ne suka kashe wutar jikin Tsawa da jiƙaƙƙun buhuna. Motar kashe gobara ta makaranta sai da ta zagayo ta babbar hanya, ta tarar da jirgin ya zama ƙarfe baƙi. A motar ɗaukar nama aka kai su asibiti.

Kwana huɗu bayan haka, da rana tsaka, Tsawa na zaune a gadon asibiti, hannayensa biyu a naɗe har gwiwar hannu kamar turame, sai wani mutum mai tsabtar kaya ya shigo ɗakin. Babban ɗan Kyaftin ne. Ya tsaya a kansa.

"Kai ne mahaucin da ya sare ƙafar ubana?"

"Me ka ce?"

Mari ya sauka a kunnen da ke ji. Kafin Tsawa ya miƙe, na biyu ya biyo, sannan naushi a baki. "Motar kashe wuta na hanya! Wa ya sa ka? Kai likita ne? An ce ma kai ka taso tsuntsayen!" Ya jawo shi daga gadon ya faɗo kan hannayen da suka ƙone, ya sa masa takalmi a ciki. Tsawa ya yunƙura zai rama, ya ga babu abin da zai dunƙule. Tunda uwarsa ta haife shi ba a taɓa dukansa yana kallo ba sai ranar. Uwar Biyu ce ta shigo da kwanon abinci a hannu, ba ta tambayi ba'asi ba, ta kwaɗa wa mutumin a ƙeya, murfi ya yi gefe, abinci ya wanke masa riga. Ma'aikata suka fitar da shi yana zage-zage.

Washegari Barho ya zo ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofar ɗakin, ya harɗe hannu. Haka ya riƙa yi kullum bayan an tashi daga yanka, har aka sallami Tsawa. Sau ɗaya ya leƙo ya ce, "Karen nan dai ka zalunce shi."

"Na zalunce shi," in ji Tsawa.

"To shi kenan."

Da masu binciken haɗarin suka zo, mutum uku da takardu, surukinsa ya ja shi gefe. "Ka ce ba ka san komai ba. Ka ce da kansu suka tashi. Wa ya gani?"

Tsawa ya shiga ya zauna. Tambayar farko ya ce, "Ni na tashe su. An kira ni ban ji ba, ina bugun garwa." Surukin ya dafe kai a bakin taga. Babbansu ya tambaya me ya sa garwa. Tsawa ya juya ya nuna Manaja da naɗaɗɗen hannunsa. "Tambayi wancan ina bindigata. Harbi ɗaya tun da sassafe da babu ko guda a wurin. Tambaye shi takarda nawa ya rubuta a kan ramin, wa ya amsa." Ya miƙe ya nufi Manaja, kujera ta faɗi, sai da mutum biyu suka riƙe shi.

Aka sallami Tsawa daga aiki, aka ce kurma bai dace da filin jirgi ba tun farko. Manaja ma aka cire shi. Makarantar ta yi wata takwas a rufe. Ramin da aka yi shekaru ana rubuta takarda a kansa, cikin mako guda hukuma ta turo motoci aka cike shi aka zuba siminti.

Hannayen sun warke a lanƙwashe. Fatar ta tattare, yatsun ba su miƙewa ba su dunƙulewa. Kofi sai ya tallabe da hannu biyu, maɓallin riga sai tagwaye sun sa masa, su da suka zama 'yan mata. Zaman gida ya ci shi. Ya yi ta faɗa da kowa a kan ba komai. Wata rana cokali ya suɓuce masa sau uku, ya tashi ya shuri keken ɗinkin Uwar Biyu, keken ya kife, kan ya tsage, allurai suka watsu a ƙasa. Tagwayen suka maƙale a bango. Uwar Biyu ta tashi ta zo gabansa dab, yadda zai ga bakinta.

"Shekara ashirin da biyu ba ka taɓa ɗaga mini hannu ba. Kar ka fara da ƙafa. In zafin ya yi maka yawa, fita ka shuri dutse."

Ya fita. Ya daɗe zaune a bakin hanya. Da ya dawo ya durƙusa yana ƙoƙarin tsince allurai da yatsun da ba su kamawa, har ƙaramar tagwayen ta tsuguna ta taya shi.

Gajera ta zo sau ɗaya ita da mahaifiyarta. Idonta na hagu ya tafi, tabo ya ratsa daga goshi zuwa haɓa, tuƙin jirgi kuma ya ƙare mata. Tsawa ya kasa kallonta. Ya fara cewa shi ne sanadi, ta katse shi.

"Baba, na gan ka a ƙasa, na ga sun taso. Kyaftin ya ce in saki tuƙin ya karɓa. Ban saki ba, ƙanƙamewa na yi. Ban gaya wa masu binciken ba. Kai ka faɗi naka, ni ban faɗi nawa ba." Uwar na gefe tana share hawaye. Daga baya Tsawa ya ji Gajera ta koma makarantar tana koyar da ɗalibai karatun yanayi a aji.

Barho ne ya samo masa aikin gadin ƙofar mayanka. Sakata yake turawa da gwiwar hannu in motar shanu ta zo, ya rufe in ta shiga. Nan yake har yau, a kan benci ƙarƙashin rumfa, jirage na wucewa ta kansa.

Shekara guda da 'yan watanni bayan haɗarin, wata mota ta tsaya a ƙofar. Kyaftin ya fito da sanda, yana jan ƙafar roba. Ya rame ƙwarai. Ɗan nasa na zaune a wurin direba, bai fito ba. Dattijon ya zo ya zauna a bencin, ya daɗe yana kallon hannayen Tsawa.

"Sau nawa ka sara?"

"Uku."

"Ni huɗu na ƙirga."

"Na huɗun ƙarfe ne."

Kyaftin ya gyaɗa kai. "Likita ya ce aikin banza ka yi. Sai da suka sake yankewa daga sama."

"Gatarin ba kaifi. Ka yi wa Barho magana."

Kyaftin ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Wata shida ina tsine maka. Ƙafar da babu ita ta yi ta yi mini ƙaiƙayi, in kai hannu in sosa in taɓa katifa, sai in ce Allah ya isa tsakanina da kurman nan. Ni na ce a tashi ranar, ka sani? Kai ka ce a jira."

"Na sani."

"To. Na zo ne ka ji daga bakina."

Suka ƙara zama kaɗan. Kyaftin ya tambayi tagwaye, Tsawa ya ce babbar na koyon aikin jinya, ƙaramar ta gaji uwarta a keke. Da dattijon zai tashi ƙafar robar ta ƙi lanƙwasuwa, Tsawa ya sunkuya ya ba shi kafaɗa, ya raka shi har mota. Ɗan ya buɗe ƙofa daga ciki, idonsa na kan sitiyari. A bayansu wata babbar motar shanu ta tsaya tana ta hon, direban ya leƙo yana zagi. Tsawa ya jira sai da Kyaftin ya shigar da ƙafarsa ya rufe ƙofa, sannan ya juya ya je ya buɗe musu.